Me Ya Sami Damina? Tambayoyi da Amsoshi Kan Sauyin Yanayi, Hadari da Ambaliya

Waɗannan su ne tambayoyin da manoma, magina da mazauna unguwannin bakin rafi suka fi yi game da yadda damina ta sauya hali a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Mun fi tsayawa a kan ruwan sama da hadari, domin ta nan ne sauyin yake shiga rumbu da ɗakin kwana.

Ai tun zamanin kakanni ana fari ana ambaliya. Me ya sa yanzu ake cewa yanayi ya sauya?

Haka ne. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta auku tun kafin motoci su cika duniya. Shekara ɗaya mai fari ko mai yawan ruwa ba ta zama hujja, shi ya sa masana suke tara lissafin shekara 30 kafin su ce ga yanayin wuri kaza. Da aka jera irin wannan lissafi na duniya baki ɗaya, sai aka ga tsakanin 2011 da 2020 zafi ya ƙaru da kusan digiri 1.1 a ma'aunin Selshiyos idan aka kwatanta da shekarun 1850 zuwa 1900. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa lokacin, ƙarin ya kai wajen digiri 1.5.

Tushen abin shi ne iskar kabon da ke fita daga ƙona kwal, man fetur da gas. Kafin zamanin masana'antu tana da kashi 280 cikin miliyan na iskar sararin sama, yau ta haura 420. Tana barin hasken rana ya shigo, amma tana tare wani sashe na zafin da ƙasa ke mayarwa sama. Digiri ɗaya da ɗoriya kuwa matsakaici ne da aka haɗa har da teku. Doron ƙasa ya fi teku saurin ɗaukar zafi, hamada kuma tana cikin wuraren da suka fi kowa.

Ta ina daminar tamu take zuwa?

Iskoki biyu ne ke karɓa-karɓa a kanmu. Ɗaya busasshiya ce daga arewa maso gabas, ta Sahara, wadda muke kira hunturu. Ɗayar mai laima ce daga kudu maso yamma, ta Tekun Atlantika. Inda suka yi karo akwai wani layi da ke matsowa arewa tun daga watan Maris, ya kai iyakarsa a Agusta can gaba da Agadas, sannan ya fara ja da baya. Ruwa mai ƙarfi yana sauka ne a kudu da layin da nisan ɗaruruwan kilomita. Wannan ya sa Kaduna take riga Kano shuka, Kano ta riga Maraɗi da Damagaram, kuma duk yadda ka ƙara yin arewa damina na ƙara gajarta. Abin da ke jawo iskar teku ta shigo har nan shi ne tsananin zafin Sahara a bazara: iskar can tana yin sama, ta kudu kuma ta kwararo don cike gurbin.

Laima daga kudu take zuwa, amma hadari daga gabas yake tasowa, kamar yadda kowane yaro ya sani. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan Sahel yana fitowa ne daga manyan gungun hadari masu faɗin ɗaruruwan kilomita, waɗanda galibi ke haɗuwa da la'asar a kan tuddai irin su Jos, duwatsun Azbin, Darfur da tsaunukan Kamaru, sannan su nufi yamma da gudun mota a hanyar birji, wajen kilomita 50 a awa. Yadda suke isowa ma sananne ne: gari ya yi tsit da zufa, gabas ta yi baƙi, jar ƙura ta taso, iska mai sanyi ta biyo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya na rabin awa ko awa guda, sai yayyafi ya ɗore har dare. Irin wannan hadari 'yan gomomi ne kawai a damina guda. Idan halinsu ya canza, damina duka ta canza.

To ruwan ƙaruwa ya yi ko raguwa?

Ya danganta da shekarar da aka fara ƙirga. Shekarun 1950 na yalwar ruwa ne. Daga ƙarshen shekarun 1960 ya fara ja baya, aka yi munanan fari a 1972 zuwa 1973 da kuma 1983 zuwa 1984, ruwan Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa. Bincike ya danganta wancan fari da sauyin zafin tekuna, har da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka mai sinadarin farar wuta, wanda ya dushe rana a arewacin Atlantika ya hana damina hawowa arewa yadda ta saba.

Daga shekarun 1990 ruwa ya farfaɗo, sai dai bai dawo da kamanninsa na da ba. Yawan ranakun ruwa bai koma na shekarun 1950 ba, amma abin da ke zuba a rana guda ya ƙaru. A ɗauki misali na lissafi: gari biyu kowanne ya sami milimita 600. Na farko ya samu a rana 45, kowane kwana biyu ko uku ana ɗan jiƙa ƙasa. Na biyu ya samu a rana 28, uku daga ciki na milimita 80 ne, kuma a tsakiyar Yuli an yi kwana 16 ba ɗigo. A takarda daidai suke. A gona kuwa, na biyu ya ga fari da ambaliya a damina ɗaya. Wanda ya ce maka ruwa ya ƙaru da wanda ya ce fari ya yawaita, kowa abin da ya gani ya faɗa.

Me ya haɗa ƙarin zafi da ruwa mai ƙarfi? Ai zafi busar da abu yake.

Yana busarwa, amma ruwan da ya tsotsa sama yake kai shi. Duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururin ruwa da kusan kashi 7 cikin 100. Kamar a sauya maka ƙaramin tulu da babba ne: cika shi zai fi daɗewa, ranar da aka tuntsurar da shi kuma tsakar gida za ta fi cika.

A Sahel akwai dalili na biyu da ya fi wannan ƙarfi. Wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa hadari mafi tsanani a Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Sahara tana ɗumama fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, ratar zafi tsakaninsu tana faɗaɗa. Wannan rata ce ke ƙarfafa wata iskar gabas da ke gudu a tsayin kilomita 3 zuwa 4 a samanmu. Iskar ƙasa na tahowa daga kudu maso yamma, ta sama na tahowa daga gabas, kuma idan saɓaninsu ya yi yawa hadari yakan jeru a layi guda, ya yi tsawo, ya daɗe bai watse ba, yana ta zuƙar laima a gabansa. A lura: ba a ce ruwan shekara ya ninka uku ba. Manyan hadarin ne suka yawaita.

Milimita nawa ne ruwa mai haɗari, kuma yaya mutum zai auna?

Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Ruwan milimita 50 a kan rufin gida mai murabba'in mita 100 lita 5,000 ne, wato duro 25 na lita 200. A hekta ɗaya lita 500,000 ke nan. Saurin zubarsa ya fi yawansa muhimmanci: milimita 50 a cikin yini guda jigawa za ta shanye, amma a cikin minti 40 lambatu zai tumbatsa. Ranar 1 ga Satumba 2009 birnin Wagadugu ya sami milimita 263 cikin kusan rabin yini, kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwansa na shekara.

Awo ba ya buƙatar na'ura. A sami gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne, a kafa shi a kan turke mai tsayin mita ɗaya a fili, nesa da bango da bishiya, a tabbatar bai karkace ba. Kowace safiya a lokaci guda a tsoma rula, a rubuta, a zubar. Kwano mai buɗaɗɗen baki yana ƙara lissafi, barin ruwan har rana ta take kuma yana rage shi.

Ambaliyar 2022 da ta 2024, sauyin yanayi ne ya kawo su?

Yana da hannu, kuma an auna hannun. A 2022 mutum fiye da 600 suka rasu a Najeriya, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta kwatanta duniyar yau da wadda ba ta ɗumama ba ta hanyar lissafin kwamfuta, ta gano cewa ɗumamar ta ninka yiwuwar irin ruwan da ya sauka a yankin Tafkin Chadi a daminar nan kusan sau 80, ta kuma ƙara masa yawa da kusan kashi 20 cikin 100. A 2024 layin damina ya zarce arewa fiye da yadda ya saba. Mutum fiye da 500 suka rasu a Chadi, fiye da 300 a Nijar, inda aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram kuma ya rushe. Ranar 10 ga Satumba madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri.

Amma ruwan sama ba shi kaɗai ke yin ambaliya ba. Alau ta taɓa yi wa Maiduguri haka a 1994, madatsar Bagauda ta Kano ta ɓalle a 1988. Akwai kududdufan da aka cike aka yanka filaye, alhali su ne ma'ajiyar ruwan tsofaffin birane. Akwai kwalbatin da aka auna da ruwan shekarun fari, da lambatun da leda ta toshe, da gidajen da aka gina a cikin kwarin da ya bushe a 1984 aka ɗauka ya mutu. Kalmar sauyin yanayi ta fara zama inuwar fakewa ga duk wanda bai yi aikinsa ba. Ruwan ya ƙaru da kashi 20, amma wanda ya sayar da fili a hanyar ruwa ba sama ce ta sa shi ba.

Me ya sa rafuka ke saurin cika yanzu ko da ruwan bai kai na da ba?

Masana ruwa sun daɗe da lura da wannan a Sahel: a shekarun fari ruwan sama ya ragu, amma abin da ke gangarowa wasu rafuka ya ƙaru. Ƙasar da ta rasa ciyawa da itatuwa, idan manyan ɗigon ruwa suka buge ta, sai samanta ya yi ɓawo mai tauri kamar daɓe, ta koma faƙo. Ruwa ba ya shiga, gudu yake, yana yanka kwazazzabai yana kwashe yashi yana cike gindin kogi.

Yamai ta zama misali. Kogin Kwara na cika sau biyu a can: cikar ruwan Gini da ke isowa wajen Janairu, da jar cika ta Agusta da Satumba da ke zuwa daga rafukan kusa irin su Sirba, Dargol da Goruwal. Da can ta Gini ce babba. Yanzu jar cikar ce ke karya tarihi, kuma a Satumbar 2020 ta kai kusan mita 7 a ma'aunin birnin.

Ba sakin ruwan madatsar Lagdo ne ke jawo komai ba?

Lagdo tana kan Kogin Binuwai a arewacin Kamaru, don haka ruwanta ya shafi Adamawa, Taraba, Binuwai, Kogi da jihohin da ke ƙasa da Lakwaja. Ba ta da hanyar isa Jigawa, Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi. Ambaliyar Haɗeja ta kogunan Kano da Challawa ce, ta Sakkwato kuma ta Rima ce. Abin da ya faru a Jibiya a Yulin 2018 da Mokwa a ƙarshen Mayun 2025 ruwan dare ɗaya ne ya sami mutane suna barci.

Iskar da ke yaye kwano fa, daga ina take, kuma me ke hana ta ɗauke rufi?

Cikin hadari ruwa yana faɗowa ta cikin busasshiyar iska, wani ya ƙafe, iskar ta yi sanyi ta yi nauyi ta faɗo ƙasa da ƙarfi, ta baje gaba. Ita ce ke tayar da jar ƙura. Ta fi muni a farkon damina, Mayu da Yuni, lokacin da sama ke bushe kuma ƙasa ba ta rufu ba. Ƙarfin bugunta yana ninkuwa fiye da gudunta: iska mai gudun kilomita 85 a awa tana bugun bango ninki biyu na mai gudun 60.

Iska ɗaga rufi take yi, ba danna shi ba, kuma daga gefe da kusurwa take farawa. Kurakuran da aka fi gani su ne katakon da aka ɗora a kan bulo ba a ɗaure ba, ƙusa ɗaya-ɗaya a bakin kwano, da bakin rufi mai tsawo da iska ke shiga ƙarƙashinsa. Gyaran shi ne a binne ƙaramin rodi ko langa-langa a cikin linta tun ana zuba kankare, a naɗe kowace rafta da shi. A layin farko da na ƙarshe na kwano a buga ƙusa mai hula a kan kowane tudu, kuma a tudun ake bugawa, ba a kwarin da ruwa ke bi ba. Dutse da tsohuwar taya a kan rufi ba ɗauri ba ne, ranar babbar iska makami suke zama. Idan hadari ya taso a rufe ƙofa da tagar da ke fuskantar gabas, domin iskar da ta shiga ɗaki tana tura rufin daga ciki.

Ginin ƙasa kuwa ta wuri biyu yake mutuwa: ta gindi inda ruwa ya kwanta, da ta kai inda soro ke yoyo. A yi yaɓe kafin ruwan farko, a share indararo a tabbatar yana zubarwa nesa da bango, a yi dakali ko tudun ƙasa a gindin katanga yadda ruwa zai gangara waje. Bangon da ya jiƙe har tsayin gwiwa bayan ruwan marka na kwana biyu ko uku, kada a kwana a jikinsa.

Mahaukaciyar guguwar teku irin ta Amurka za ta iya zuwa nan?

A'a. Tana buƙatar buɗaɗɗen teku mai zafin digiri 26 zuwa 27, kuma ba ta haɗuwa kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda juyawar ƙasa ba ta isa ta murɗa iska ba. Da ta hau tudu take fara mutuwa. Abin mamaki shi ne da yawa daga cikin manyan guguwar Atlantika a samanmu suke faro rayuwa. Hadarin da ya wuce Kano ko Yamai yana tafiya ne a cikin wani kaɗawar iska da ke ratsa Afirka ta Yamma duk kwana 3 zuwa 5. Wasu idan sun fita teku ta gabar Senegal sukan murɗe su zama guguwa, bayan mako ɗaya ko biyu a ji su a tsibiran Karebiyan.

Su guguwar tekun ƙaruwa suke yi?

Yawansu a duniya bai nuna ƙaruwa ba. Abin da ke ƙaruwa shi ne rabon masu tsanani a cikinsu, da ruwan da suke ɗauke da shi, da saurin da suke rikiɗa daga ƙarama zuwa babba, kamar Otis da ta afka wa Akapulko a Meziko a 2023. Harvey ta zubar da fiye da milimita 1,500 a wani yanki na Texas a 2017. A Afirka, Idai ta kashe fiye da mutum 1,000 a Mozambik, Zimbabuwe da Malawi a 2019, Freddy ta 2023 kuma ta yi fiye da wata guda a raye. A Satumbar 2023 ruwan guguwar Daniel ya ɓalle madatsu biyu a Darna ta Libiya, dubban mutane suka halaka cikin dare ɗaya.

Zafin bazara ma ya sauya ko mantuwa muke yi?

Ya sauya, musamman da dare, wanda shi ne lokacin da jiki ke hucewa. Ranar 3 ga Afrilu 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma masana sun nuna irin wannan zafi ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar duniya ba. A aikin Hajjin shekarar mahajjata fiye da 1,300 suka rasu, zafi ya haura digiri 51 a Makka. Mafi haɗari a wurinmu shi ne makonnin da laima ta iso amma ruwa bai sauka ba, domin zufa ba ta bushewa. Tsoho ko yaron da ya rikice, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki a yi ta fifita, a nufi asibiti. Wanda yake cikin hayyacinsa a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ina matsayin El Nino?

Ɗumamar gabashin Tekun Fasifik ce da ke zuwa duk shekara 2 zuwa 7, kuma daɗaɗɗen abu ne. Yakan rage ruwan Sahel, kishiyarsa La Nina kuma takan ƙara. Yana karkatar da damina ne kawai, domin zafin Atlantika da na Bahar Rum su ma suna da tasu rawar.

Yaushe manomi zai yi shuka, tunda ruwan farko ya zama mayaudari?

Ma'aunin da masana aikin gona a Nijar suka daɗe suna amfani da shi shi ne: bayan 1 ga Mayu, a sami aƙalla milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma kada a yi fiye da kwana 7 ba ruwa a cikin kwana 30 da suka biyo. Sharaɗin farko gwangwaninka zai gaya maka. Na biyu sai hasashe. In babu awo, a haƙa ƙasa washegari: laimar da ba ta kai zurfin santimita 15 zuwa 20 ba, ba za ta riƙe tsiro mako guda ba.

Binne yana da amfaninsa, amma ɗan ruwan milimita 5 zuwa 10 ya isa ya tsirar da iri ya bar shi ya ƙone. Kada a zuba iri duka a shukar farko, a ajiye kashi ɗaya cikin uku. A haɗa mai saurin nuna, kamar geron SOSAT-C88 ko HKP, da na gargajiya mai daɗewa, saboda in damina ta zarce Oktoba, mai saurin nuna yana iya ruɓewa a tsaye. A fadamar da ruwa ke shanyewa akwai shinkafa FARO 66 da FARO 67, waɗanda ke jure nutsewa na kusan mako biyu. Takin zamani kuma kada a watsa shi a sama hadari na haɗuwa, ruwa zai kai shi rafi. A binne kaɗan a gefen kowane rami, kamar giram 6 na NPK, cikin murfin kwalbar lemo ke nan. A kaka, gyaɗa da masarar da ruwan ƙarshe ya doka a ƙasa suna yin fumfuna mai guba da ke lalata hanta, don haka a shanya a kan tamfal ko rumfa.

Akwai yadda za a sa gona ta riƙe ruwa mai ƙarfi?

Akwai, kuma a rani ake yin aikin. A faƙo ana haƙa tassa, ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30 da zurfin 10 zuwa 20, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba tafi ɗaya ko biyu na takin gargajiya. Rabin wata kuma, wato rami mai siffar rabin da'ira, buɗaɗɗen bakinsa tudu yake kallo, kusan 300 a hekta, a jera su a saɓe yadda ruwan da ya kuɓuce wa ɗaya zai faɗa na bayansa. Kunya a gicciye wa gangare ake yin ta. Wadda ta bi gangare lambatu ce. Barin kara a gona yana hana ɓawo. Sassabe mai barin tohon kututture, wanda ya bazu daga yankin Maraɗi tun shekarun 1980, ya dawo da itatuwa irin su gawo a kan kusan hekta miliyan 5 a Nijar, kuma suna karya iskar da ke binne ƙaramin gero da yashi.

Hasashen yanayi abin dogaro ne?

Gwargwadon abin da ya yi alkawari. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA na fitar da na ambaliya, cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai na yin na yankin. Hasashen damina rinjaye yake nunawa a kan yanki mai faɗi. Na kwana 1 zuwa 3 ya fi kaifi, amma ko shi ba ya iya ware ƙauye daga ƙauye, saboda hadari kan jiƙa wannan gona ya tsallake ta kilomita 10. Idan an ce yiwuwar ruwa kashi 60 ce, to a irin wannan rana sau 4 cikin 10 ba za a yi ba, kuma wannan ba ƙarya ba ce. Gargaɗin cikar kogi ya fi duka tabbas, tunda ruwan da aka auna ne yana tafe.

Me ya kamata a yi idan hadari ko ambaliya ta riski mutum a waje?

Tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, a bar fili, a bar gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, a sauka daga tudu, a ajiye fartanya. Makiyayi ya guji tara dabbobi a ƙarƙashin itace guda. Ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu, santimita 15, yana kayar da babba, mai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. Busasshen kwari na iya cika ba tare da an yi ɗigo a wurin ba, in an yi ruwa a sama da shi. Bayan ambaliya, rijiyar da ruwa ya shiga ta haɗu da masai, sai an tafasa ko an sa sinadarin kulorin, don nan kwalara take farawa.

Nan gaba me ake tsammani?

Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa ruwan yini guda mai tsanani, wanda a da ake gani sau ɗaya a shekara 10, zai riƙa zuwa sau 1.5 idan ɗumama ta kai digiri 1.5, sau 1.7 a digiri 2, sau 2.7 a digiri 4. Yawancin lissafin na nuna tsakiya da gabashin Sahel, inda ƙasar Hausa da Tafkin Chadi suke, za su ƙara samun ruwa musamman a ƙarshen damina, yayin da yammaci wajen Senegal zai fi bushewa. Ƙarin zafi zai ci wani kaso na wannan ruwa ta hanyar ƙafewa. Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya ba, don haka rage hayaƙi galibi aikin manyan ƙasashe ne. Abin da ke hannun injiniyan ƙaramar hukuma shi ne kwalbatin da zai zuba bana, wanda zai yi shekara 40 ko 50 yana aiki: in da lissafin ruwan 1970 zuwa 1990 aka auna bakinsa, a sake lissafin da bayanan shekaru 30 na baya-bayan nan, a kuma ƙara masa rata.